Daura, Garin da Aska Take da Sarki

Suna ne ya kai ni Daura. Wani abokina da muka yi makarantar sakandare tare a Jos, aiki ya mai da shi garin iyayensa, Allah ya ba shi ɗa namiji bayan jerin 'yan mata, ya bugo waya ya ce in ban zo ba kada in ƙara kiransa aboki. Muka shirya ni da mai ɗakina, muka kwana a Kano, da asuba muka ɗauki hanyar Kazaure. Da ka wuce duwatsun Kazaure sai ƙasa ta buɗe, rairayi ya yi fari tas, ga gawo da kuka tsaitsaye a gonaki, ga amalanken shanu suna tafe a gefen kwalta, ba ruwansu da hon ɗin kowa. Lokacin hunturu ne, an gama girbi, hazo ya rufe rana.

Baƙo ba ya shiga Daura ya fita ba a kai shi Kusugu ba, mu ma an kai mu. Rijiyar tana cikin gini yanzu. Aka ja mana ruwa muka sha, mai kula da wurin ya ba mu labarin da kowane ɗan firamare ya sani: macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, tsohuwa Ayana, Bayajida da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, da Sarauniya Daurama. Muka bi ta ƙofar fada muka ga dogarai, aka nuna mana gidan da aka binne marigayi Muhammadu Buhari a watan Yulin 2025. Duk waɗannan an sha rubuta su. Abin da na dawo Jos ina ba mutane labari har suka fara gajiya da ni, wanzami ne.

Ranar suna, an yi addu'a a ƙofar gida, an raba goro da dabino, liman ya raɗa suna, mahauci ya kama rago, sai ga wani dattijo ya iso a kan tsohon keke da zabira rataye a kafaɗa, wani yaro yana biye da shi a ƙafa. Ba wanda ya yi masa iso. Ya gaisa da maigida, ya wuce zaure na biyu inda aka riga aka shimfiɗa masa tabarma, wata tsohuwa ta fito da jariri naɗe cikin zani. Ni da yake baƙo ne, aka bar ni na tsaya daga bakin ƙofa.

Ya buɗe zabira. Jakar fata ce da ta tsufa har ta yi baƙi, aljihu-aljihu, kowace aska da ɗakinta: ta aski daban, ta kaciya daban, 'yar siririya ta tsaga daban, ga almakashi, ga hantsaki, ga dutsen washi. Amma bai zaro ko ɗaya ba. Ya sa hannu a aljihun riga ya ciro reza sabuwa cikin takardarta, ya ɗaga ta uban yaro ya gani, sannan ya ɓare. Ya jiƙa kan jariri da ruwan ɗumi da sabulu, ya tallafe ƙeya da tafin hagu, ya yi bisimilla. Daga goshi ya soma, yana jan reza zuwa baya, babban yatsansa yana tafe a gaban ƙarfen yana miƙar da fata. Da ya zo maɗiga, inda ƙashi bai haɗe ba, fata tana ta bugawa, sai na ga ya rage hannu, ya kwantar da rezar sosai, ya share wurin da ja biyu kacal. Jariri bai farka ba sai da aka kai bayan kunne. Aka tattara gashin a ƙoƙo, mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, aka shiga jefa kuɗi a tabarma, yaron nan yana tsincewa.

Da yamma muna zaune da mahaifin abokina na ce, "Baba, wannan wanzamin a ina kuka samo shi?"

Ya yi dariya har da tari. "Samowa kuma, ɗana? Ai ba a samo wanzami, gadonsa ake yi. Ubansa ne ya aske wannan abokin naka ranar sunansa, kakansa kuwa shi ya yi mini kaciya. Yaron nan da ka ga yana tsintar kuɗi, in Allah ya raya su, shi zai aske 'ya'yan jaririn nan."

Na ce, "To Baba, da ya yanke yaron fa?"

"Sai mu kai shi wurin Sarkin Aska."

Ya faɗi maganar ba tare da ya ɗago kai daga goron da yake ɓarawa ba, don a wurinsa ba abin tambaya ba ne. Ni kuwa ta taɓa mini tsohon miki. Wata shekara na kai ƙaramin ɗana wani shagon aski a unguwarmu, ba a yi mako uku ba kansa ya fito da makero, faci-faci har huɗu, muka yi ta zirga-zirgar asibiti da shafe-shafe. Da na koma in yi wa mai shagon magana, sai na tarar wurin ya zama na cajin waya. Maƙwabta suka ce ya koma wani gari. Ba maigidansa, ba wanda ya koya masa, ba wanda ya ba shi izini balle ya karɓe. Na tsaya a bakin titi da fushina, ban san wurin kai shi ba.

Saboda haka washegari na matsa wa abokina sai ya kai ni wurin dattijon nan. Muka same shi a gindin bedi kusa da kasuwa, yana yi wa wani magidanci ƙaho a baya. Mutumin ya tuɓe riga yana zaune a tabarma ya sunkuya. Dattijo ya jiƙa fata, ya kifa ƙaho, ya tsotse iska ta ƙaramin bakin ya toshe da danƙo, ƙaho ya kama tamau. Ya jera guda huɗu. Bayan ɗan lokaci ya cire, fata ta taso ta yi gudaji, ya tsattsaga da reza, yanka ƙanana a jere, ya mai da ƙaho ya sake tsotsa. Yaron yana gefe da kasko da yashi a ciki, inda ake juye jinin a binne. Duk wannan aiki dattijo yana yi yana amsa gaisuwar masu wucewa, ko kallon hannunsa ba ya yi.

Da ya sallami mai ƙaho muka gaisa. Na ce, "Baba, ni baƙo ne daga Jos, jiya na ga aikinka, na zo in ƙaru." Ya ce to madalla, baƙon gidan Alhaji ai nasa ne. Na tambaye shi ko mutum zai iya sayen aska a kasuwa ya shimfiɗa tabarma a nan ya ce shi wanzami ne.

Ya dube ni kallon tausayi. "Malam, shimfiɗawa zai shimfiɗa. Amma kafin la'asar an tambaye shi ɗan wane gida ne, wa ya ba shi zabira. In baƙo ne mai sana'a ta gaskiya, ai ya san hanya, gidan Sarkin Aska zai fara sauka ya yi gaisuwa, ya faɗi garinsu da ubangidansa. Sai a nuna masa inda zai zauna. Aski dai a bar shi ya yi, ya sami na tuwo. Amma kaciyar ɗan mutane? Wa ya san hannunsa?"

Daga bakinsa, da na mahaifin abokina, da na wasu da muka yi hira da su a zaure, na haɗa yadda abin yake. Yaro yakan fara da ɗaukar zabira da washin aska da zubar da jini. Shekaru yana kallo kafin a ba shi kan yara ya aske, sannan gemu, sannan ƙaho. Kaciya ita ce ta ƙarshe, kuma ba zai yi ta shi kaɗai ba sai ubangidansa ya tsaya a kansa sau da yawa ya gamsu. Ranar da aka mallaka masa zabira tasa, ranar ce ya zama wanzami, kuma duk abin da ya ɓata daga baya sunan wanda ya ba shi zabirar ne za a fara ambata. Kowane wanzami yana da gidajensa. Wani ba ya shiga gidan wani ya yi suna ko kaciya don ya rage kuɗi, in ya yi kuwa ƙara ce. Wanda ya ji wa yaro rauni saboda ganganci, Sarkin Aska zai kira shi gaban 'yan'uwansa, a sa shi ya ɗauki nauyin magani, in abin ya yi muni a ce ya ajiye askar kaciya. Na ce to in ya ƙi fa, tun da Sarkin Aska ba shi da ɗan sanda ba shi da kurkuku? Dattijo ya ce, "Wane gida ne zai sake kiransa?" An ce wanzami ba ya son jarfa, to jarfarsa ke nan.

Wannan tsari ba na Daura kaɗai ba ne. A ƙasar Hausa kowace sana'a mai nauyi tana da sarkinta tun kafin zuwan Turawa: Sarkin Fawa, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Aska. Su ne suke tattara harajin sana'a su kai fada, su suke raba gardama tsakanin 'yan sana'a, in sarki yana da aiki ta hannunsu yake nema. Abin da ya sa na ga kamar ya fi zama daram a Daura, tarihin gidan sarautar ne. A shekarar 1805 jihadi ya ci garin ƙarƙashin Malam Isiyaku, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, zuriyarsa suka riƙe sarautarsu a Zango da Baure kusan shekara ɗari. Da Turawa suka zo suka dawo da Malam Musa kan gadon kakanninsa, abin da bai faru a Kano ko Katsina ko Zazzau ba. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, Muhammadu Bashar daga 1966 zuwa 2007, sai mai martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Sarakuna biyu sun cinye shekara 96 a tsakaninsu. Garin da sarauta ba ta yawan sauya hannu, ƙananan sarautu ma sukan daɗe a gidajensu, mutane su san wanda za su nema ba sai an gaya musu ba. Mai son bin diddigin sarautun garin sai ya nemi littafin da M. G. Smith ya wallafa a kan Daura a 1978.

Duk wannan ɓangaren maza ne. Na mata kuwa sai da mai ɗakina ta ba ni labari, don ni iyakata zaure. Jajibirin suna, in ji ta, mai kitson unguwa ta shigo tun hantsi da tsinkenta da matajinta da ɗan kwanon man shanu. Ta zauna a kujera 'yar tsugunne, mai jego ta kwantar da kai a cinyarta. Aka yi tsifa, aka taje, ta tsaga da tsinke, ta kama shuku ƙanana-ƙanana, tana yi tana ba da labarin auren da za a ɗaura a maƙwabta. Bayan mai jego sai kishiya, sai ƙannen miji, sai 'yan mata, ba ta tashi ba sai bayan isha'i. Mai ɗakina ta tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce, "Hajiya, wa yake koya wa mace kitso? A kan ƙannena na koya, da gashin masara." Ta sake tambaya ko su ma suna da wata shugaba da suke kai wa gaisuwa kafin su fara sana'a. Matan suka kwashe da dariya. Wata tsohuwa ta ce, "'Yar nan, kitso in bai yi kyau ba ai tsefewa ake yi. Kaciya ake tsefewa?"

Na daɗe ina juya maganar tsohuwar nan. A ganina ta ba da amsar tambayar da majalisun dokoki da kotuna na manyan ƙasashe suka yi shekaru suna kokawa da ita, wato ina iyakar sana'ar gyaran gashi, kuma wane ɓangarenta ne ya cancanci a tsare ƙofarsa. Mutanen Daura sun ja layinsu a kan jini. Wanda ƙarfensa yake huda fata yana da sarki, yana da ubangida, yana da wurin da ake kai ƙararsa. Wadda aikinta yatsu ne da tsinke da mai, an bar ta da kasuwa: in hannunta yana da zafi ko kitsonta ba ya daɗewa, mata za su gaya wa juna a gidan biki, shi ke nan ta rasa ciniki.

A Amurka ba haka suka ja nasu ba. Jihar Minnesota ce ta fara dokar lasisin masu aski a 1897, sauran jihohi suka biyo baya, daga baya aka kafa hukumomin kula da masu gyaran gashi da kwalliya. Sai aka rubuta ma'anar sana'ar da faɗi, har ta haɗiye duk wanda ya taɓa gashin wani don a biya shi. Da matan Afirka suka je da kitsonsu, doka ta ce su ma sai sun shiga makarantar kwalliya sun biya dubban daloli, sun koyi rini da sinadarin miƙar da gashi da gyaran farce, abubuwan da ba sa amfani da su, a makarantun da akasari ba a koyar da kitso a cikinsu. A 1997 'yan sanda suka kama wata mai kitso, Isis Brantley, a birnin Dallas saboda tana aiki ba lasisi. Sai a 2015 jihar Texas ta cire kitso daga wannan doka. A jihar Utah, wata 'yar asalin Saliyo mai suna Jestina Clayton, wadda ta iya kitso tun tana yarinya, aka ce sai ta yi awa 2,000 a aji. Ta kai ƙara, a 2012 kotun tarayya ta ba ta gaskiya. Yau fiye da rabin jihohin ƙasar sun sakar wa masu kitso mara. Sai da aka sha kamu da tara da lauyoyi kafin su iso inda tsohuwar nan take zaune a tsakar gida.

Turawan ma sun taɓa zama da wanzamai irin namu. A Ingila masu aski su ne suke cire haƙori, su tsaga, su zubar da jini, har a 1540 Sarki Henry na Takwas ya haɗa su ƙungiya ɗaya da masu fiɗa, ba su rabu ba sai 1745. Sandar nan mai ja da fari da ake kafawa a ƙofar shagunan askinsu ragowar wancan zamani ce. A Jamus har gobe mai son buɗe shagon gyaran gashi na kansa, bisa ƙa'ida, sai ya yi shekara uku yana koyo a hannun gwani, sannan ya ci jarrabawar zama gwani a zauren 'yan sana'ar hannu. In ka cire takarda da hatimi, wannan bai yi nisa da ba da zabira ba.

Kada mai karatu ya ɗauka na dawo ina cewa duk abin da ke cikin zabira alheri ne. A'a. A cikinta akwai ƙarfen cire beli, wanda likitoci suka daɗe suna kuka da shi saboda zubar jini da tsinkau-tsinkau a jarirai. Akwai yankan gishiri da cire angurya da ake yi wa mata, waɗanda suka jefa da yawa cikin yoyon fitsari; dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane ta haramta kaciyar mata ƙarara. Akwai aska ɗaya a kan mutum goma, hanyar ciwon hanta da ƙanjamau. Tsaga ma, su bille da kalangu da 'yan baka, tana ta ja da baya, kuma ban ga abin kuka a ciki ba. Na yi wa dattijo maganar beli kai tsaye. Ya ɗan yi shiru, ya ce shi dai ya daina sai in iyaye sun matsa, kuma ko sun matsa yakan ce su fara zuwa asibiti. Ban gamsu da wannan "sai in" ɗin ba, na kuma gaya masa. Bai ji haushi ba, bai kuma ce na yi gaskiya ba.

Amma ko a nan ma tsarin ya nuna amfaninsa. Na tambaye shi yaushe ya koma sabuwar reza. Ya ce tun lokacin da ma'aikatan lafiya suka tara su ta hannun Sarkin Aska aka yi musu bayanin cututtukan jini, aka ce kowa da rezarsa. Sana'ar da take da shugaba, in ka shawo kan mutum ɗaya ka kai saƙo gida ɗari. Ma'aikatan lafiya sun gane haka: a jihar Sakkwato an yi aiki da wanzamai don su riƙa tura iyayen jarirai wurin rigakafi, tun da wanzami yana ganin jariri ranar bakwai, kafin malamin asibiti ya san an haife shi. Wanda zai iya kai katin rigakafi cikin gida zai iya kai saƙon a bar beli inda Allah ya ajiye shi, in an zauna da shi cikin mutunci.

Inda na ga ɓaraka a Daura, irin tamu ce ta Jos. A bakin manyan titunan garin shagunan aski na zamani sun yi yawa: madubi, janareta, hotunan 'yan ƙwallo, samari a layi. Na shiga ɗaya don a rage mini suma. Yaron yana da fara'a, hannunsa ma ba laifi. Ya goge kilifa da burushi, ya ɗiga mata sifirit, ya kunna laita wuta ta lashi bakinta na daƙiƙa biyu, ya ce, "Bisimilla, Alhaji." Da ya zo gyaran goshi da saje kuwa, da bakin kilifa tsirara ya yi, wanda yake kankare fata har wani lokaci ta yi ɗigon jini. Na tambaye shi ko yana zuwa gaida Sarkin Aska. Ya ce, "Ai Alhaji mu ba wanzamai ba ne." Da gaskiyarsa. Wata shida ya yi a shagon wani a Kano, yayansa ya saya masa kilifa biyu da janareta, ya dawo gida ya buɗe.

To shi wa yake dubansa? A takarda akwai masu duba. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da shaguna da rumfuna, kuma akwai duba-gari da aikinsu ke nan. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai ta hukumar NABTEB, ga wanda ya ga dama. Amma ba dokar ƙasa da ta ce sai da shaidar ƙwarewa za ka ɗora ƙarfe a kan mutum. Abin da mai shago ya sani game da hukuma shi ne mai rasit da yake zuwa karɓar kuɗin shago, wanda ba ya tambayar inda ake wanke kilifa. A Kano mun sha jin 'yan Hisba sun kama samari sun aske musu kai saboda askin da aka bar wani sashe aka kwashe wani. Malamai suna da hujjarsu a kan irin wannan aski, ba gardama nake ba. Sai dai ina mamakin yadda muke da ido a kan fasalin askin, ba mu da ido a kan ƙarfen da aka yi shi da shi.

Kwana na ƙarshe abokina ya kai ni kasuwar Mai'aduwa ranar Lahadi, muka ga shanu da raƙuma da fataken da suka tsallako daga Nijar. A can gefe ga wanzamai a jere ƙarƙashin rumfa, Buzaye da Fulani da Hausawa suna miƙa kai. Wani daga cikinsu ya ce mini daga wajen Matamaye yake zuwa duk mako, kuma da ya fara zuwa sai da ya kai goro wurin babban wanzaman kasuwar, wanda ya san ubangidansa. Iyakar Kongolam tana nan da jami'anta da shingenta, amma shaidar wannan mutum ta ƙetare ta ba takarda. Lasisin Utah kuwa ko jihar da ke maƙwabtaka ba lalle ta karɓe shi kai tsaye ba.

Masarautar Daura ƙananan hukumomi biyar ce: Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Ba su da yawan da za a ce abu ya gagara. Roƙona ga shugabanninsu da majalisar mai martaba shi ne su shigar da masu kilifa cikin tsarin da suke da shi tun tuni. Kafin a ba yaro rasit na shago, a ce ya kawo wanda ya koya masa ya tsaya masa, a rubuta sunansa a wurin Sarkin Aska, duba-gari ya koya masa yadda ake tsabtace ƙarfe na 'yan kwanaki, ba na shekara ba, kuma kada kuɗin ya fi ƙarfin mai janareta ɗaya. A zauna da wanzamai a yanke magana ɗaya a kan beli da yankan mata, wanda ya saɓa a karɓe zabirarsa a kuma miƙa shi ga hukuma. Masu kitso kuwa, don Allah kada wani kansila ya tashi da fom da rasit ya nufi tsakar gidajen mutane. A bar su su yi sana'arsu.